Shin gonar koko za ta iya maye gurbin kurmi?

Garba_Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in kawo wata magana da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, domin in ji daga bakin waɗanda suka fi ni sani. Ana yawan cewa noman koko ne ya cinye kurmin Ghana, kuma shi ya sa namun daji da tsuntsaye suke ƙarewa. Abin da na kasa fahimta shi ne, koko ai bishiya ce, ba masara ba ce da ake girbewa a bar ƙasa tsirara. Duk wanda ya bi hanyar Kumasi zuwa Bibiani ko Goaso zai ga kore hagu da dama. To idan an sare bishiya an dasa bishiya, mene ne aka rasa? Ashe ba masu haƙar zinariya da masu yankan katako ne suke ɓarnar ba, sannan a ɗora wa talaka manomi laifi?

Malam_Idi_Tafo:
Wa alaikumus salam Malam Garba. Tambayarka tana da kyau, domin ido yana iya yaudarar mutum a nan. Kurmi na asali hawa-hawa yake. A can sama akwai manyan itatuwa irin su odum da wawa da rimi, waɗansu sukan wuce mita 40, a ƙarƙashinsu akwai matsakaita, sannan masu yaɗo da suke hawa jikinsu, sannan ƙananan tsirrai da ganyen da yake ruɓewa a ƙasa. Kowane hawa yana da mazaunansa, kuma da yake itatuwan ba lokaci ɗaya suke fure da 'ya'ya ba, babu watan da biri ko tsuntsu zai rasa abin ci. Gonar koko ta zamani kuwa iri ɗaya ce, tsayi ɗaya, shekaru ɗaya, kuma ana share ƙarƙashinta ana yi mata feshi.

Ga misali kusa da mu. A gandun dajin Bobiri da ke hanyar Accra, bayan Ejisu, an ƙidaya malam-buɗe-littafi kusan iri 400. Tsutsar da yawa daga cikinsu ba ta cin kowane ganye sai na wasu tsirrai ƙalilan da ta saba da su, saboda haka ranar da tsiron ya ɓace ita ma ta ɓace, ko da an cika wurin da koko. Haka aku yake, domin a kogon tsohuwar babbar bishiya yake ƙwai, kuma bishiyar koko ba ta yin irin wannan kogo. Binciken da aka wallafa a kan akun Ghana ya nuna ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari tun daga 1992, sakamakon kama shi don sayarwa da kuma sare itatuwan da yake kwana a kai.

Ɗan_Sefwi:
Malam Idi, na karanta bayaninka kuma ban musa ko ɗaya ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mahaifina ya zo daga arewa ya yi aikin abusa a gonar wani mutumin Sefwi, yana karɓar kashi ɗaya cikin uku, har Allah ya ba shi tasa gonar, kuma a cikinta na tashi. Ba ƙin itace ne ya sa manomi yake kashe ƙaramin odum da ya tsiro a gonarsa ba. Itacen katako da ya tsiro da kansa ba naka ba ne a doka, ko da kai ka rene shi shekara talatin. Wata rana masu katako suka shigo gonarmu da takardar izini, suka kayar da itace a kan koko, suka ja gungumen da mota ta tsakiyar gona, kuma abin da suka biya bai kai kuɗin kokon da suka karya ba. Bayan wannan, wane ne zai ga laifin mahaifina idan ya cire duk ɗan itacen da ya ga yana tasowa?

Lauya_Mamobi:
Abin da Ɗan Sefwi ya faɗa gaskiya ne ta fuskar doka. Tun dokar 1962, itatuwan katako da suka tsiro da kansu suna hannun shugaban ƙasa ne a madadin sarakunan da suke da ƙasar. Gyaran da aka yi a 2002 ya ba mutum mallakar itacen da ya dasa da hannunsa, amma sai ya iya tabbatar da cewa shi ya dasa, shi ya sa ake maganar yi wa itatuwa rajista.

Alhaji_Mai_Goro:
Ni ba ɗan boko ba ne, ɗana ne yake rubuta mini, amma ina so yaran wannan zauren su tuna abin da ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Goro ne. Ayarin fatake yakan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ya yi watanni a hanya kafin ya isa Salaga, inda ake haɗuwa da goron da aka ɗauko daga kurmin Asante. Wannan shi ne fataucin Gwanja da ake ba da labari. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja baya, fatake suka riƙa matsowa kudu, har zangunanmu suka kafu a inda muke yanzu. Shi kuwa goro ɗan kurmin nan ne, ba daga wata ƙasa aka kawo shi ba.

A da idan na je sayen goro wajen Tepa ko Offinso, a cikin gonar koko nake samunsa, domin tsofaffin manoma ba sa sare shi, yana yi wa koko inuwa kuma yana kawo kuɗi a lokacin da koko bai nuna ba. A gona ɗaya za ka ga goro da lemo da agade da gwaza, da manyan itatuwa a sama. Yanzu idan aka sabunta gona, goron yana cikin abin da ake fara kayarwa. Saboda haka, Garba ɗana, ni a wurina gonar koko iri biyu ce, ta da da ta yanzu, kuma bai kamata a yi musu hukunci ɗaya ba.

Hajiya_Asawase:
Alhaji ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Mu da muke shiga kasuwar Kejetia kullum muna ganin alamar abin a kan tebur. Matan da suke kawo dodon koɗi da naman kaza mai tsirowa a daji da prekese ('ya'yan itacen da ake sa wa miya) daga ƙauyuka suna cewa yanzu sai sun yi nisa ƙwarai kafin su samu, kuma a gonar da ake yi wa feshin kashe ciyawa ba a ganin dodon koɗi. Masu maganin gargajiya ma suna kuka da ƙarancin saiwoyi da sassaƙen da suka saba samu a kusa. Waɗannan abubuwa ba a sa su cikin lissafin buhunan koko, amma da su mata da yawa suke ciyar da gida tsakanin kaka da kaka.

Yusif_Nima:
A ganina tushen matsalar shi ne Turawan mulkin mallaka ne suka kawo mana koko suka tilasta wa mutane noma shi domin masana'antunsu, kuma har yau muna kan wannan turbar.

Malam_Idi_Tafo:
Malam Yusif, akwai gyara a nan. 'Yan mishan na Basel sun gwada shuka koko tun da farko, amma wanda ake danganta yaɗuwarsa da shi ɗan ƙasa ne, Tetteh Quarshie, maƙeri, wanda ya dawo da shi daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong ta Akuapem. Manoma da kansu suka rungume shi saboda sun ga riba, suka riƙa sayen ƙasa a Akyem, kuma zuwa 1911 ƙasar nan ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko. Abin lura ga muhawararmu shi ne yadda noman ya yi ta tafiya. Ya fara a gabas, da ƙasa ta gaji cuta ta shiga sai ya koma Asante da Ahafo, daga baya ya gangara yamma zuwa Sefwi. Koko yana son sabuwar ƙasar kurmi da ganye ya daɗe yana ruɓewa a kanta, saboda haka ya fi sauƙi a buɗe sabon daji da a gyara tsohuwar gona. Yanzu an kai iyakar Kodebuwa, kuma kurmin da ya rage galibinsa yana cikin wuraren da aka keɓe irin su Kakum da Bia da Ankasa. A wannan yankin na kan iyaka ne wani jan biri yake rayuwa a da, wanda masana suka bayyana a shekarar 2000 cewa mai yiwuwa ya ƙare a duniya baki ɗaya.

Malamin_Gona_Goaso:
Ina so in yi magana a matsayin wanda aikinsa yake tare da manoma, domin akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, wato shi kansa kokon yana cutuwa idan ya zauna shi kaɗai. Asalinsa daga dajin Amazon yake, inda yake girma a ƙarƙashin manyan itatuwa. Sabon irin da aka inganta yana haihuwa da wuri, kuma idan aka bar shi a rana aka ba shi taki yana ba da amfani mai yawa a shekarun farko. Wannan ne ya ja hankalin mutane, musamman bayan fari da gobarar daji ta 1983 da ta ƙone gonaki masu yawa aka sake shuka. Sai dai bishiyar da take cikin rana tana saurin tsufa, tana bukatar taki da magani fiye da wadda take cikin inuwa, kuma idan fari ya zo ita ce take fara bushewa. Manomin da ba shi da kuɗin taki kowace shekara yakan ga amfanin yana sauka ba tare da ya san dalili ba.

Abu na biyu shi ne barbarar fure. Ba ƙudan zuma ne yake yi wa koko wannan aiki ba, wasu ƙananan ƙwari ne da ido da ƙyar yake ganinsu, kuma a cikin ruɓaɓɓen ganye da ɓawon koko da kututturen agade mai danshi suke hayayyafa. Idan aka share gona tas aka yi ta feshi, sai su ragu, fure ya zube bai zama ɗa ba. A 2017 hukumar koko ta Ghana, wato COCOBOD, ta fara shirin ɗaukar matasa su riƙa barbarar furanni da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Aikin da ƙwaro yake yi kyauta ke nan ake biyan mutum ya yi.

Na uku ita ce cutar kumburin reshe, wadda aka gano a 1936, kuma ita ce ta sa aka kafa cibiyar binciken koko a Tafo ta gabas a 1938. Wasu fararen ƙwari masu tsotson ruwan itace ne suke ɗaukar ta daga bishiya zuwa bishiya, kuma har yau ba ta da magani sai sarewa. Inda gona ta haɗe da gona, rassa suna taɓa juna tsawon kilomitoci ba tare da wani itace dabam ya raba su ba, babu abin da zai tare ta. Ɗan Sefwi ya fi ni sanin abin da ta yi a yankinsu.

Ɗan_Sefwi:
Na sani ƙwarai, Malamin Gona, domin akwai maƙwabtanmu da aka sare musu gona gaba ɗaya. Amma ka faɗa wa jama'a gaskiya, inuwa idan ta yi yawa tana kawo danshi, danshi kuma yana kawo baƙin ruɓewar 'ya'yan koko. Shekarun baya malaman gona ne suka riƙa ce wa iyayenmu su rage itatuwa, yau kuma ana cewa a dasa.

Malamin_Gona_Goaso:
Haka ne, inuwa mai yawa tana da nata lahanin, kuma akwai itatuwan da ba sa jituwa da koko. Abin da ake ba da shawara yanzu shi ne matsakaiciyar inuwa, itatuwa kamar 18 a hekta ɗaya, irin su ofram da emire masu tsayi da iska take ratsawa. Ba na da'awar cewa wannan ya zama kurmi. Giwa da manyan birai ba za su zauna a ciki ba, amma tsuntsaye da ƙwari da ƙananan dabbobi suna samun mafaka da hanyar wucewa daga wani gandun daji zuwa wani.

Rabi_Madina:
Mu mutanen Accra muna jin maganar kurmi kamar ba ta shafe mu ba, alhali daga can ruwan famfonmu yake fitowa. Kogin Densu da yake cika madatsar Weija daga tsaunukan Atewa yake tasowa, kusa da Kyebi, kuma daga nan Birim da Ayensu ma suke fita. A wannan dajin ne masana suka bayyana wani sabon nau'in kwaɗo a 2021, kuma a nan ne ake ta jayayya kan haƙar ma'adinin da ake yin alminiyam da shi. Ku ma na Kumasi, madatsun Owabi da Barekese ne suke shayar da ku. Duk wanda ya ga launin ruwan kogunan Offin da Pra da Ankobra a yau ya san cewa galamse, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba, ta fi koko ɓarna nesa ba kusa ba, saboda haka ina tare da Yaya Garba a rabin maganarsa.

Yusif_Nima:
Kuma manoman koko da kansu suke sayar da gonakinsu ga masu galamse, domin kuɗin da ake ba su a rana ɗaya ya fi abin da koko zai kawo musu a shekaru. A 2024 tan ɗaya na koko ya wuce dala 10,000 a kasuwar duniya, amma manomin Ghana farashin da gwamnati ta yanka masa yake karɓa. Ghana da Kodebuwa suna samar da kusan kashi 60 cikin ɗari na kokon duniya, duk da haka mai noman yana cikin talauci. Talaka ba ya iya jiran itacen da zai yi shekara talatin kafin ya girma.

Malam_Idi_Tafo:
Hajiya Rabi, ba na rage wa galamse laifi, ɓarnarta ta fi muni a duk inda ta sauka, domin tana kashe ƙasa da ruwa tare. Amma idan ana maganar faɗin ƙasar da kurmi ya rasa a cikin shekaru ɗari da suka wuce, noma ne a gaba, domin ramin zinariya yana bin bakin kogi ne, gona kuwa ta mamaye yankuna sukutum. Ina roƙon mu koma kan tambayar Malam Garba, wadda take kan shuka iri ɗaya.

Sani_Takoradi:
To idan haka ne kada a tsaya a kan koko kaɗai. A yankinmu na yamma roba ce take ci gaba, har wasu suna sare koko da kwakwa suna dasa ta, sannan ga manyan gonakin kwakwar manja a Benso da Twifo Praso da Kwae. Na taɓa aiki a gonar roba, kuma abin da na lura da shi shi ne layuka ne a miƙe, ƙasa a share, ba ka samun ko gwaza da za ka kai gida, kuma abinci ya yi tsada a ƙauyukan da suka ba da ƙasarsu. Kwakwar manja kuwa 'yar Afirka ta Yamma ce, amma yau Indonesiya da Malesiya ne suke samar da mafi yawan manjan duniya, a kan ƙasar da a da kurmi ce. Su ma sai da suka yi ta barbara da hannu, har zuwa 1981 da aka kai wa Malesiya wani ƙaramin ƙwaro daga Kamaru ya karɓi aikin. Wannan ya yi daidai da abin da Malamin Gona ya faɗa, cewa bishiya ba ta rayuwa ita kaɗai ba tare da abokan zamanta ba.

Ustaz_Sawaba:
Allah ya saka wa kowa da alheri. A cikin Suratul An'am an bayyana mana cewa dabbobin da suke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da suke tashi al'ummomi ne kamar mu, kuma ya inganta daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa wanda ya dasa itace har tsuntsu ko dabba ko mutum ya ci daga gare shi yana da ladan sadaka. Saboda haka ƙarewar wani nau'in halitta a hannunmu ba ƙaramin abu ba ne. Matasan masallacinmu sun fita ranar dashen itatuwa ta ƙasa da aka fara a 2021, amma bayan na karanta wannan muhawara ina tambayar kaina ko filin da aka cika da itacen tik zalla shi ma ba shuka iri ɗaya ba ne.

Malam_Idi_Tafo:
Shuka iri ɗaya ce, Ustaz, kuma tik ba ɗan ƙasar nan ba ne, daga Asiya aka kawo shi. Yana da amfani wajen katako da turakun lantarki, yana kuma rage matsin da ake yi wa daji, amma ba ya dawo da abin da aka rasa.

Lauya_Mamobi:
Akwai abin da zai tilasta sauyi ko muna so ko ba ma so. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa ba za a shigar da koko da kofi da manja da roba da katako da waken suya da naman shanu kasuwarta ba idan an samar da su a ƙasar da aka sare dajinta bayan 31 ga Disamba 2020. An ɗage fara aiki da ita, amma shi ya sa kuke ganin ana auna gonaki ana sa su a taswira. Damuwata ita ce dokar tana kallon sabon sara ne, ba ta ba da lada ga wanda ya riƙe tsofaffin itatuwa a gonarsa tun da can.

Garba_Aboabo:
Na gode muku duka. Na karɓi bambancin da Alhaji ya yi tsakanin gonar da da ta yanzu, kuma maganar ƙwaron barbara ta shige ni. Amma har yanzu ban ga wanda ya nuna mini cewa laifin manomi ne ba. Doka ta hana shi mallakar itace, farashi ba ya hannunsa, shawarar malaman gona tana sauyawa, sannan a ce shi ne zai riƙe wa duniya tsuntsaye da birai. Idan ana so ya bar itace a gona, wa zai biya shi buhunan da inuwar ta rage masa?

Malamin_Gona_Goaso:
Malam Garba, lissafin ba na shekara ɗaya ba ne. Gonar da take da inuwa tana iya ba da ƙasa da ta rana a farko, amma tana daɗewa tana haihuwa kuma kuɗin taki da magani ya fi sauƙi, ga goro da lemo da ake sayarwa a gefe. Akwai kuma masu sayen koko da suke ƙara wani abu a kan buhu ga wanda ya cika sharuɗɗansu, ko da yake ƙarin ba shi da yawa.

Ɗan_Sefwi:
Wannan lissafin mai gona ne, Malamin Gona, ba na ɗan abusa ba. Wanda yake aiki a gonar wani ba shi da tabbacin zai kai shekara biyar a wurin, kuma rabonsa daga buhunan bana yake fitowa. Da yawa daga cikin mutanenmu na zango da na arewa a wannan matsayi suke. Lauya, ina so ka bayyana mana, idan ɗan abusa ne ya dasa ofram a gonar da ba tasa ba, da sunan wa za a yi rajistar itacen, nasa ko na mai ƙasa?